Bututun da Ke Kallon Rumfarmu

Saura kwana tara sallah abokinmu Gepeng ya ce ni zan je gidan Pak Wiryo, tsohon baƙon da ya sauka a unguwarmu.

Muna cikin rumfar shanya taba ta yayana Mas Dar, bayan asham, mu goma sha ɗaya, kowa da kwanon kunun rogo a gabansa muna liƙa takardu. A nan samarin unguwarmu, Kaliwaru, ke haɗa balan-balan ɗin sallah duk shekara. Tun zamanin kakanninmu haka ake yi: da safiyar idi a hura wutar ɓawon kwakwa a ƙarƙashinsa, ya sha hayaƙi ya miƙe har ya fi masallaci tsawo, sannan a sake shi ya tafi inda Allah ya kai shi. Yanzu hukuma ta ce sai dai a ɗaure shi da igiya, wai saboda jirage. Mu kuwa a wajenmu balan-balan ɗaurarre ba shi da maraba da tsuntsun keji.

Bara mun saki namu. Kwana uku da sallah motar 'yan sanda ta hawo dutse, ta wuce unguwanni huɗu da su ma suka saki nasu, ta tsaya a ƙofar gidanmu. Suka tafi da Mas Dar, da yake shi ne shugaban samari. Kwana huɗu ya yi a hannunsu. Da ya dawo bai ba kowa labari ba, fartanya kawai ya ɗauka ya tafi gonar dankali. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke yawo a unguwa, a shagon shayi, a bakin famfo, har a ƙofar masallaci: wa ya nuna musu gidanmu?

"Wai har yanzu tambaya kuke yi?" in ji Gepeng. Sunansa na yanka Tukijan, amma saboda ramarsa ba mai kiransa da shi. "Mutum ya sauka a unguwa wata huɗu kafin abin ya faru. Ya kafa ƙahon rediyo a kan gora. Safe da yamma Turawa na magana a ɗakinsa. Ga wani bututu ya saita mana shi nan, nan ɗin nan, kamar bindiga. Sai ya rubuta muku a goshi?"

Maganar bututu ba ƙarya ya yi ba. Gidan da Pak Wiryo ya kama yana can ƙasan unguwa, rumfarmu kuwa tana sama ta kudu da shi. In ka tsaya a bakin rumfa da yamma ka leƙa ƙasa, za ka ga wani abu a tsakar gidansa a kan turken siminti, da ɗan siririn bututu yana kallonka. Kullum wuri ɗaya yake kallo.

"Na yi magana da mai unguwa," Gepeng ya ci gaba. "Ya ce ba zai tashi mutum da jita-jita ba. Amma in wani ya shiga ya gani da idonsa, zai ce masa ya tattara kafin sallah. In kuma mai unguwa ya ja ƙafa, daren jajiberi ana kaɗa ganguna, mu za mu sauke masa ƙahon. Ba gyaran agogo ya ce yana yi a birnin Semarang ba? To mu ma za mu yi masa gyara."

Aka yi dariya. Na ce, "To me ya sa ni?"

"Saboda fuskarka, Kus. Kamar ta ɗan akuyar da aka haifa jiya. Duk wanda ya gan ka sai ya ji yana son ya ba ka shayi."

Mas Dar yana can ƙarshen rumfa yana lanƙwasa gorar bakin balan-balan. Bai ɗago ba ya ce, "Ku ƙyale mini ƙane. Ku aiki wani."

"Ikon Allah!" in ji Gepeng. "Kai aka kulle, Mas, kai ne kuma mai jan ƙafa? Ko ɗakin ya yi maka daɗi ne?"

Mas Dar ya ci gaba da lanƙwasa gorarsa. Ni kuwa na tuna yadda Mak, mahaifiyarmu, ta yi kwana huɗu a bakin ƙofa ba ta iya haɗiye shinkafa. Na ce zan je.

Washegari bayan la'asar na ɗauki agogon marigayi babanmu, wanda ya tsaya tun shekarar da ya rasu, na gangara da shi.

Na tarar da Pak Wiryo a baranda, ya naɗe wuya da zane saboda sanyinmu bai gama karɓarsa ba. Tsoho ne gajere, gashinsa fari fat, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a ka. Na yi sallama, na rusuna na gaishe shi.

"Kai ne ƙanen Darmaji ko? Shigo, Le, ɗana. Da ba azumi ba da na ba ka shayi."

Na tuna maganar Gepeng, na sunkuyar da kai.

Ya karɓi agogon ya kara a kunne, ya buɗe bayansa da farce. Yana cikin dubawa sai wani baƙin akwati a kan tebur, bai fi sabulun wanki girma ba, ya yi shuuu, muryar wani namiji ta fito da Turanci, sauri-sauri kamar mai ƙirga awaki. Wata murya ta amsa masa. Pak Wiryo ya ajiye agogon, ya duba na hannunsa, ya rubuta wani abu a littafi.

Na ce, "Su wane ne, Pak?"

"Wancan na farko matuƙin jirgi ne, daga Jakarta za shi Surabaya. Yana roƙon a bar shi ya hau sama kaɗan, iska na jijjiga masa fasinjoji. Na biyun mai ba da hanya ne, yana zaune a ƙasa." Ya nuna arewa da haɓa. "Titinsu yana can saman bakin teku. A birni ba na jin rabinsu. A dutsen nan kuwa, kamar a ɗakina suke."

"Me kake yi da maganarsu?"

"Me kake yi da kukan tsuntsu?" Ya yi murmushi. "Ji kawai. Shekara talatin ina gyara wa mutane agogo don kada jirgi ya tafi ya bar su, ni ban taɓa hawa ba."

Na yi ta maza na ce, "Kai ma kana yi musu magana?"

"Da wannan? Kunne ne kawai, Le, ba shi da baki. Ɗauka ka duba."

Na ɗauka na jujjuya. Ba wurin sa baki, ba abin latsawa irin na rediyon masu gadi. Wayar da ta fito daga bayansa ta bi ta taga ta hau gora, ta ƙare a ƙahon da ake ta magana: wayoyin tagulla huɗu a baje kamar ƙafar kaza, ɗaya a tsaye. Amma na ce a raina, in akwatin ba shi da baki, ai mai akwatin yana da shi, ga kuma waya a aljihunsa. Sannan littafin nan. Mai jin kukan tsuntsu yana rubuta ƙarfe nawa ya yi kukan?

Ya ce bari ya ɗauko madubin idonsa a ɗaki. Yana shiga na sauka tsakar gida a hankali. Abin da ke kan turken katako biyu ne, an haɗa su da ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai, kamar murfin akwati. Wani dogon noti ya huda na ƙasa ya tokare na sama. A jikin mahaɗin an ɗaure bututun da zaren roba, kuma ba komai ba ne illa jikin tsohon biro.

Na durƙusa na sa ido.

Kusurwar rufin rumfarmu na gani, cif. Har kwanon da iska ta ɗaga bara ina gani. Ba gidan wani a ciki, ba bishiya. Rumfarmu kaɗai, da ɗan sarari a samanta.

Na miƙe da sauri. Na koma baranda na zauna kafin ya fito.

"Datti ne kawai da tsohon mai," in ji shi. "Ka dawo jibi. In sama ta yi kyau ka zo da wuri mu sha ruwa tare, akwai aikin da za ka taya ni."

A rumfa da dare suka taso mini. Na ce rediyon ba ya magana. Gepeng ya ce ai kada ma da ke cikin ruwa ba ya magana. Na ce bututun dai gaskiya mu yake kallo, kuma yana da littafin da yake rubuta lokuta.

Gepeng ya ce, "To me ya rage? Tashi mu je wajen mai unguwa."

"A ba ni jibi," na ce. "Agogon Baba yana hannunsa."

"Ka ji shi! Za a kori maciji, shi ta ƙwansa yake."

Na dubi Mas Dar. Ya juya mana baya yana ɗaure gora, ya ɗaure wuri ɗaya har sau uku.

Jibin ya zo da sama garau, abin da ba mu cika samu ba a ƙarshen damina. Gajimaren da ke sauko mana da yamma bai sauko ba. Na je da niyya ɗaya: zan tambaye shi a fuska, in ya yi in-ina, gobe in je gidan mai unguwa.

Muka sha ruwa da shayi mai zafi da soyayyen tempe, wainar waken soya, da ya sayo a shago. Muka yi magariba a barandarsa. Sannan ya miƙo mini agogon Baba, yana tafiya, tik tik tik. Na kara a kunne.

"Zo ka biya ni da hannunka," ya ce.

Ya ɗaura wata tsohuwar kyamara a kan katakon sama. Ya ce a kasuwar 'yan gwanjo ya same ta, marfin batirinta ma da salatif yake riƙe. Ya juya ta wajen taurarin nan huɗu da muke kira Karkatacciyar Bukka. Ya nuna mini ɗan itacen da ya manna a gindin notin.

"Ka ga allurar daƙiƙa ta agogon babanka? Inda ta bi, itacen nan ya bi. Zagaye ɗaya a minti ɗaya. Kada ka riga ta, kada ta bar ka. Hannuna ya fara rawa, shi ya sa."

"Don me, Pak?"

"Sama tafiya take yi. In kyamara ta tsaya wuri ɗaya taurari sai su fito kamar tsutsotsi. Masu kuɗi inji suke saya ya bi musu ita. Mu sai noti."

Na durƙusa, agogo a hagu, noti a dama. Minti uku na yi ina murɗawa, ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Da ya ce ya isa, ya nuna mini bayan kyamarar. A inda idona ke ganin taurari huɗu, ga su nan kamar an watsa shinkafa a tabarma, wasu ja-ja, wasu shuɗi, da wani baƙin tabo a gefe.

"Kai! Hannunka ya fi nawa," in ji shi. "Ko ɗaya bai ja wutsiya ba."

Daɗi ya so ya kama ni, sai na tuna abin da ya kawo ni. Ai kyamarar sama take kallo, amma bututun biro yana nan yana kallon rumfarmu.

Na ce, "Pak, ka gafarce ni. Me rumfar yayana ta yi maka?"

"Wace rumfa?"

"Wadda bututun nan ke kallo. Na leƙa shekaranjiya."

Ya fara dariya, sai ya dubi fuskata ya daina. Ya cire tabarau ya goge da zane, ya daɗe yana gogewa.

"Ashe shi ya sa," ya ce a hankali. "Na ce me na yi wa mutanen nan, in na shiga shago sai hira ta mutu. Jira ni."

Ya fito da wayarsa ya nemo wani hoto. Rufin rumfarmu ne, baƙi, daga ƙasa. A samansa taurari sun zama zare-zare masu lanƙwasa, da'ira cikin da'ira, kamar ka jefa dutse a tafki. Tsakiyar da'irar tana daidai saman kusurwar rufin, inda kwanon ya ɗaga.

"Da rani na ɗauka, awa biyu kyamara a buɗe. Ka ga wurin nan? Duk sama a kansa take juyawa, kamar dutsen niƙa a kan turkensa. In mahaɗin katakon nan bai kalli wurin ba, murɗin da ka yi aikin banza ne. Kuma ba wani tauraro mai haske a wurin da zan kama. Wata biyu na yi ina lalube kafin na gane yatsa ɗaya ne sama da kusurwar rufin yayanka. In ya rushe rumfar nan na shiga uku."

Na daɗe ina kallon hoton. Ashe duk taurarin Allah rumfar tabar Mas Dar suke zagayawa, mu muna ciki muna zagin mutum.

Don kunya sai na ja hoton da yatsa don in ga na gaba. Hoton wata. Wani hoton watan kuma. Wani jirgi ƙarami kamar sauro. Sai ga balan-balan, ja da kore, cikin sararin safiya.

Namu ne. Na bara.

Zargina ya dawo. Na ɗago na dube shi.

"Wannan fa, Pak?"

"Naku ne. Na ɗauka da wayar nan ta cikin rabin madubin hangen nesa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba." Bai kawar da ido ba. Ya jawo littafinsa ya buɗe baya, ya haska da waya. "Ga ranar. Kun sake shi shida da rabi. Takwas saura minti goma wata matuƙiya, mace, ta ce ga balan-balan ja da kore a damanta, kusa, tana neman izinin kaucewa. Shekara da shekaru ina jin mutanen nan, Le, ko injinsu ya lalace muryarsu ba ta canzawa. Tata ta canza."

"Sai ka gaya wa wa?"

"Wa zan gaya wa? Masu ba da hanya sun ji kafin ni. Su take yi wa magana."

"To ai ja da kore ta ce. Ba ta ce Kaliwaru ba. Wa ya ce musu namu ne?"

Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya mayar mini. A jikin balan-balan ɗin, fari a kan ja, ga sunan unguwarmu. Kowane harafi ya kai tsayin mutum.

"Ni da idanun nan nawa, daga nan na karanta shi har ya kusa shiga gajimare," ya ce. "Abin da ya hau ai sai ya sauko. Duk inda ya faɗi, wanda ya tsinta ba sai ya nemi boka ba. Ban san abin da ya faru ba, wallahi, zato ne kawai. Amma wanda ya yi rubutun nan yana da hannu. Wane ne?"

Aka kira isha'i. Na ce masa zan tafi masallaci.

Ni na rubuta. Makaranta ban wuce aji shida ba, amma in zanen harafi ne, ni ke yi wa masu shago allo. Kakanninmu ba su taɓa sa suna a balan-balan ba. Shekarar da ta gabaci bara ne samarin unguwar ƙetaren rafi suka yi ta baza wa duniya cewa wanda ya fi tashi nasu ne, alhali namu ne. Ni na ce bana mu sa suna, mu ga wanda zai sake sace mana. Aka yi ta buga mini kafaɗa.

Da safe na bi Mas Dar gona. Muna yi wa dankali huɗa, shi a kunya ɗaya ni a ta kusa da shi. Sai da muka kai ƙarshe muka juyo na ce, "Mas, me suka nuna maka a ofishinsu?"

Fartanyarsa ta tsaya.

"Wa ya ce an nuna mini wani abu?"

"Ba wanda ya ce."

Ya ci gaba da huɗa. Na tsaya ina jiransa. Ya yi taku biyar, ya jefar da fartanyar, ya zauna a kan kunya.

"Guntun takarda ne," ya ce. "Kamar manyan tabarmi biyu, gefensa a ƙone. Haruffa biyar suka rage, amma sun isa. A kan kejin kajin wani mutum ya faɗi can gangare, wajen teku, da sauran wuta a gindinsa. Kajin sun ƙone. Allah ya sa ba ɗakin kwana ba ne."

"Sun tambaye ka wanda ya rubuta?"

"Na ce ni ne."

"Kai da ko sunanka in ka rubuta sai ya karkace?"

"Ba su sa ni na gwada ba."

Na zauna kusa da shi. Ƙasa da mu gajimare ya rufe kwari, ba a ganin komai sai kan gorar Pak Wiryo.

"Shekara guda, Mas. Kana ji ana zagin tsohon nan."

"Ni ban taɓa cewa shi ne ba."

"Ba ka ce ba shi ba ne."

Ya tsinki ciyawa ya murza. "Mak ce ta ce kada ka sani. Ta ce kai in ka taka tururuwa sai ka kasa barci. Na ɗauka maganar za ta mutu da kanta. Baƙo ne, na ce zai gaji ya tafi, shi ke nan kowa ya huta." Ya dube ni. "Ka bar shi, Dik, ƙanena. Ka ce musu ba ka ga komai ba. Zan lallashi Gepeng."

"Gepeng ba ya lallasuwa. Ka san an riga an wasa adda."

Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa.

Da dare rumfa ta cika, har da waɗanda ba sa liƙi, don an ji yau zan kawo magana. Balan-balan ɗin bana yana shimfiɗe, shuɗi da rawaya, an bar mini farin fili a tsakiya inda zan sa suna. Har an dama mini fenti.

Ban iya dogon bayani ba. Na ce bututun ba mu yake kallo ba, sama yake kallo, na nuna musu hoton da'irar da na roƙi Pak Wiryo ya turo mini. Wayar ta zaga hannu-hannu. Wani ya ce haɗi ne. Wani ya fita waje ya ɗaga kai ya dawo.

"An ba shi shayi," in ji Gepeng. "Ban ce muku ba? Da shayi da tempe aka saye mana ɗan akuya. To in ba tsohon ba ne, wane ne? Aljani?"

"Ni ne."

Duk suka juyo suka dube ni.

"Rubutuna suka bi. Ya faɗi a gidan wani da sunanmu a jiki."

"Wa ya ce? Mai ƙaho?" Gepeng ya juya wajen jama'a. "Kun ji dabara? Ya kai ƙararmu, ya kuma ɗora wa yaron kirki!"

Wasu suka ce haka ne. Na ga addar a jingine bayan ƙofa. Na dubi ƙarshen rumfa, inda Mas Dar yake.

Mas Dar ya daɗe kafin ya miƙe.

"Na ga takardar da idona," ya ce. "A kan teburinsu. Ba wanda ya kai ƙarar kowa. Mu muka aika musu wasiƙa, muka sa hannu."

Gepeng ya juya wajensa.

"Kuma ka yi shiru, Mas? Ka bar ni ina ta haushi kamar kare a bakin gidan mutum?"

"Ka taɓa barin wani ya yi magana?"

Daga baya wani ya ce, "Wai ba Gepeng ne ya ce haruffan sun yi ƙanana ba, a ƙara musu girma?"

"Rufe mana baki, kai kuma!"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Mutum biyu suka ajiye kwanoninsu suka fita ba sallama, kuma har yau in mun haɗu gaisuwarsu gajera ce. Na ɗauki fentin na rufe shi. Na ce ba zan rubuta ba, kuma in za a sake shi ba igiya, a cire hannuna, don na ga abin da ke rubuce a littafin tsohon nan. Aka yi ta musu har kunun rogo ya bushe a kwano. Ba wanda ya je gidan mai unguwa.

Daren jajiberi aka kaɗa ganguna. Ni dai ban shiga zagayen masu ganga ba, na zauna a bakin hanyar da ke gangarawa gidan Pak Wiryo, don ban gama yarda da kowa ba. Ba wanda ya biyo ta. Da gari ya waye gorar tana tsaye.

Bayan idi muka hura wuta a filin makaranta. Igiya uku Mas Dar ya ɗaura, ya ba ni ɗaya, ya riƙe ɗaya, ta ukun ya miƙa wa Gepeng, yana kallon aljihunsa.

"Ba wuƙa, Mas. Ka laluba in kana so."

Mas Dar ya laluba.

Balan-balan ya cika, ya miƙe, ya hau da farin filinsa ba komai a ciki, har igiyoyin suka ƙare ya tsaya yana jan hannuwanmu. Pak Wiryo ya hawo a hankali, yana hutawa a hanya, da sabuwar hula, akwatin a aljihun riga, abin ji a kunne ɗaya. Mutane suka ɗan ja gefe suka ba shi fili, fiye da yadda ake ba tsoho. Mas Dar ya miƙa igiyarsa ga na kusa da shi, ya je ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya sunkuya, ya nemi gafara irin ta ranar sallah. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda aka saba.

Gepeng bai je ba. Amma igiya ta yi ta jansa, ko shi ya yi ta janta, har ya tsinci kansa kusa da tsohon. Bai dube shi ba ya ce, "Pak. Mutanen naka. Sun gan mu?"

Pak Wiryo ya danna abin jin a kunne ya saurara.

"Sun ambaci balan-balan uku wajen bakin teku. Ku ba wanda ya ambace ku."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Gepeng ya ɗaga kai ya dubi balan-balan ɗin, ya yi tsaki. "Duk girman nan."

Har yanzu in an zauna a shago yakan ce shi dai bai yarda da bututun nan ba, kuma akwai masu gyaɗa masa kai. Pak Wiryo yana nan. Da rani ya shigo, Mas Dar ya sayo kwano zai gyara kusurwar rufin da iska ta ɗaga. Ya riga ya jingina tsani, sai ya tsaya ya leƙa gangare.

"Kus," ya ce, "sauka ka tambayi tsohon nan. In na taɓa wurin, samansa ba za ta goce ba?"